Kafin ki ajiye aiki ki ɗauki jakar tafiya

Mace mai albashi da ta fara tunanin barin aiki don ta yi watanni tana zagaya ƙasashe ita kaɗai, shawara iri biyu take samu. 'Yan gida su ce ta kama kanta, aiki ba ya samuwa yanzu. Mutanen intanet su ce ta tashi kawai, Allah zai rufa asiri. A cikinsu babu wanda ya ɗauko takarda da biro ya zauna da ita. Ina cikin masu son mata su fita su ga ƙasar Allah, domin wadda ta yi wata guda a Kumasi ko Dakar ko Kigali tana cin abincinsu, tana hawa motocinsu, takan dawo da wayon da ba a samu a ofis. Amma a wannan magana shawara biyu ce aka haɗe: yin tafiyar, da sakin aikin. Ana iya yin ta farko ba tare da ta biyun ba, kuma ga yawancin matanmu hakan ne ya fi.

Ki fara da takardar da aka ba ki ranar da kika kama aiki, da littafin ƙa'idojin wurin. Da yawa ba su sake buɗe su ba tun ranar. Abin da kike nema shi ne hutun da ba albashi. A aikin gwamnati akwai shi a ƙa'ida, amma alfarma ce, ba haƙƙi ba: ana rubuta takarda ta bi ta hannun shugaban sashe, ta hau sama, kuma tana iya yin watanni a kan tebur. Dalilin da aka fi amincewa da shi karatu ne, ko bin miji inda aka tura shi aiki, don haka idan tafiyarki tana da wani kwas a ciki, na Faransanci a Lome ko na Larabci a Alƙahira, takardarki ta fi ƙarfi. Kada ki kuskura ki tashi kafin amincewar ta fito a rubuce. Rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne a ƙa'idojin aikin gwamnati, hukuncinsa kora, kuma wadda aka kora ba ɗaya take da wadda ta ajiye da kanta ba, ko wajen haƙƙoƙinta ko wajen neman wani aikin. "Oga ya ce ba komai, in tafi" ba takarda ba ce. Ana iya canza ogan kina Kwatano.

A kamfani ko ƙungiya mai zaman kanta abin ciniki ne. Wata uku ya fi saurin karɓuwa a kan shekara, musamman idan kin zo da sunan wadda za ta riƙe aikinki, da ranar dawowa, kuma kin zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi. Malamar makaranta tana da dogon hutu da za ta ɗora a kai. Mai aikin kwantiragi da ƙungiyoyin agaji ita ce ta fi kowa sa'a, don kwantiragin yana ƙarewa da kansa, sai ta yi tafiyarta tsakanin wannan da na gaba, babu wanda zai tambaye ta dalili.

Idan kuwa ajiyewar ce, akwai wa'adin sanarwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta sa mako guda ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Sai dai ma'aikatan ofis da ƙwararru takardar kama aikinsu ce ke hukunci, kuma wasu wuraren wata uku suke rubutawa, ko ki biya albashin watannin. Ki duba kuma ko akwai alkawarin da kika sa wa hannu lokacin da aka tura ki karatu da albashi. Malaman jami'a, likitoci da ma'aikatan jinya da yawa suna ɗauke da irin wannan, kuma wadda ta tafi kafin ta cika shekarun za a bi ta kuɗin, ko a bi waɗanda suka tsaya mata. Haka bashin ƙungiyar ma'aikata, da bashin banki da ake cira daga albashi, da adashin da kika riga kika kwasa. Ranar da albashi ya tsaya, dukansu za su taso lokaci guda.

Albashi ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana jan wasu abubuwa a bayansa. A tsarin fansho na dokar 2014 ana cire kashi 8 cikin 100 daga gare ki, mai aikin ya ɗora kashi 10. Idan kin bari, abin da ya taru yana nan a asusunki, ba ya ɓata, amma zubi ya tsaya. Wadda ba ta kai shekara 50 ba tana iya neman kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki bayan ta yi wata huɗu ba aiki. Shawarata kada wannan kuɗi ya shiga lissafin guzuri. Ba ya fitowa sai bayan wata huɗu da cike-ciken takardu, kuma kuɗin tsufanki ne. Ma'aikatan wasu jihohi tsarinsu daban ne, ana ƙirga shekarun aiki kafin a cancanci giratuti ko fansho, sai ki je ofishin fansho ki tambayi inda kike. Abin takaici ne mace ta ajiye aiki saura wata bakwai ta cika shekarun da ake bukata. Inshorar lafiya da wurin aiki ke biya ita ma tana tsayawa, kuma idan iyayenki ko 'ya'yanki suna ganin likita da katinki, su ma ta tsaya musu.

Akwai kuma abin da mutane ba sa gani sai sun isa ofishin jakadanci. Ƙarfin mai neman biza da fasfon Najeriya ko na Nijar aikinta ne. Jami'in da ke duba takardu tambaya ɗaya yake yi wa kansa: me zai dawo da wannan gida? Takardar wurin aiki, takardun albashi, da bayanin asusun banki na wata shida da ke nuna kuɗi yana shigowa kowane wata, su ne amsar. Mace matashiya, ba aiki, ba ranar dawowa, ita ce aka fi saurin hanawa. Turawan da kike gani a YouTube suna cewa sun ajiye aiki sun yi shekara biyu suna yawo, fasfonsu ne ke buɗe musu ƙofa, namu ba haka yake ba. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 take bayarwa a cikin kowane kwana 180, kuɗinta Yuro 90 tun 2024 kuma ba a mayarwa idan an hana, sannan sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Galibi a ƙasar da kike zaune ake nemanta, ba a kan hanya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa hutun da ba albashi ya fi murabus: kina da takardar gaskiya da ke cewa za ki koma aiki ranar kaza. Kada ki karɓi takardar aiki kin san kin riga kin ajiye, ko ki ari kuɗi ki zuba a asusu mako guda kafin nema. Sun san wannan dabara, kuma wadda aka kama da ƙarya tana iya shan haramcin shekaru.

Kuɗin tafiya kashi uku ne, kuma kowane kashi da wurin ajiyarsa. Na farko guzurin yau da kullum. Na biyu kuɗin gaggawa, wanda zai saya miki tikitin jirgi zuwa gida daga wuri mafi nisa a hanyarki ranar da aka kira ki, ya kuma biya kwana uku a asibitin kuɗi. Na uku kuɗin dawowa: hayar shekara idan kina haya, da abin da zai riƙe ki wata shida kina neman aiki. Wannan na ukun shi ake fara ci idan tafiya ta yi daɗi, don haka ki sa shi inda katinki ba ya kaiwa.

Ga yadda ake lissafin na farko. A ce, misali kawai, kina kashe sefa 20,000 a rana: 10,000 ɗaki, 5,000 abinci da ruwan gora, 5,000 motar cikin gari da data da wanki da shiga wuraren kallo. Kwana 180 ya zama sefa 3,600,000, kusan Yuro 5,500, tunda sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957. Ki ɗora kashi 20 cikin 100 na abin da ba a zata ba, ya koma 4,320,000. Ba a sa motar ƙasa zuwa ƙasa ba, ba biza, ba inshora, ba tsaraba, kuma kin san ba a dawowa gida hannu rabbana. Ki lura ɗaki ne ya cinye rabi. Mai tafiya ita kaɗai ba ta da wanda za su raba kuɗin ɗaki, kuma mace ba ta iya sauka a mafi arhar masauki na bakin tasha inda namiji zai kwana ya tashi lafiya. Hanyar rage wannan kuɗi ita ce tafiya a hankali: ɗakin wata guda a unguwa, da risho ko ƙaramin gas da za ki dafa abinki, ya fi otal na kwana uku uku arha nesa ba kusa ba. Yawan motsi ne ke cin kuɗi.

Ga 'yar Najeriya akwai ƙarin matsala. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wadda ta tara guzurin wata shida a naira a wancan lokaci, ta wayi gari da na wata biyu ko uku. Don haka abin da kike tarawa ki riƙa mayar da shi dala ko Yuro kaɗan kaɗan a asusun kuɗin waje. Katin naira kuwa an yi shekaru ba ya aiki a waje, wasu bankuna sun dawo da shi a 2025 amma da iyakar abin da za a kashe, kuma ranar da suka ga dama za su sake rufewa. Ki riƙe kati biyu na banki daban daban, ɗaya a jikinki ɗaya a ƙasan jaka, ki duba ranar ƙarewarsu kada ta faɗo kina hanya. Tsabar kuɗin da ya kai dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan. Kuma ki sani sefa iri biyu ce: ta Nijar, Benin, Togo, Kodibuwa da Senigal daban, ta Kamaru da Cadi daban. Darajarsu ɗaya, amma mai shago a Ngawundare ba zai karɓi ta Yamai ba.

Ƙaramin abu da ke tsayar da mutane cak shi ne layin waya. Banki yana turo lambar sirri ta layin da kika yi rajista da shi. Idan layin ba ya kamawa a inda kike, ko ya daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani, kuɗinki yana nan amma ba ki da hanyar taɓa shi. Waya mai layi biyu, a bar na gida a ciki da kuɗi a kansa, a buɗe masa damar aiki a waje tun kafin a tsallaka, a riƙa yin kira ko tura saƙo da shi lokaci lokaci. Na biyun ki sayi na ƙasar da kika shiga, da fasfonki.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a gidajenmu. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim: bai halatta ga macen da ta yi imani da Allah da Ranar Lahira ta yi tafiyar yini da dare ba sai da muharrami. Malikiyya sun yi rangwame a hajjin farilla idan akwai amintacciyar tawaga, kuma Saudiyya tun 2021 ta bar mata su yi rajistar hajji ba muharrami. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa wannan zuwa sauran tafiye-tafiye idan hanya da masauki suna da aminci, suna ganin dalilin hanin tsaro ne. Malamai da yawa a ƙasarmu ba su yarda da faɗaɗawar ba, balle ga tafiyar buɗe ido. Wannan ba abin da za a tsallake da dabara ba ne. Ki je wurin malamin da kika yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa kafin ki sayi tikiti, ki faɗa masa tafiyar yadda take, wata nawa, ina da ina, a mota ko a jirgi, wa zai tare ki. Wadda ta tafi zuciyarta ba ta kwanta ba, duk abin da ya same ta a hanya, ko ciwon ciki ne, za ta ce alhaki ne, kuma tafiyar ba za ta yi mata daɗi ba.

Tsakanin "ni kaɗai" da "na fasa" akwai fili mai faɗi. Ƙaninki yana iya raka ki zuwa gari, ya ga masaukin, ya koma, ki yi wata biyu a zaune, ya dawo ku ƙara gaba. Kuɗin motarsa sai ya shiga lissafi. Ana iya bin ayarin mata masu zuwa Maulidin Kaulaha, ko 'yan kasuwar da ke saro a Kwatano da Lome. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. 'Yan Taru na zamanin Nana Asma'u ƙungiya ƙungiya suke tasowa daga ƙauyuka, shugabarsu da ake kira jaji tana gaba, su je su ɗauki karatu su koma. Kakanninmu mata sun bi ta Cadi da Sudan zuwa Makka a ƙasa, wasu shekaru suka yi a hanya suna sana'a suna ƙara gaba, zuriyarsu na nan a garuruwa irin Mai Wurno ta Sudan. Doguwar tafiya suka yi, a cikin jama'a.

Matar aure sai da yardar mijinta, kuma yardar da aka samu da faɗa takan warware a wata na biyu. Wadda aurenta ya mutu sai ta gama idda, mai takaba wata huɗu da kwana goma. Na kawo wannan ne don sau da yawa a irin wannan lokaci tunanin tafiya ke zuwa da ƙarfi, kuma lokacin ne bai kamata a yanke shawarar sakin aiki ba. Haka wadda ogan ofis ya ishe ta, ko aikin dare ya cinye ta. Ki tambayi kanki: da za a mayar da ke wani sashe gobe a ƙara miki albashi, za ki tafi? Idan amsar a'a ce, canjin aiki kike bukata da hutun mako uku, kuma sun fi arha.

Iyaye kuwa ba a zuwa musu da "ina so in ga duniya". Ana zuwa da takarda: ga garuruwan, ga inda zan sauka, ga lambar mai gidan, ga ranar dawowa, kullum bayan Magariba zan kira. A fara da wanda ake jin maganarsa, gwaggo ko kawu ko yaya, kafin a kai ga Baba. Sannan a zauna a yi lissafin waɗanda ke ci daga albashin nan. Idan ke ke sayen maganin hawan jinin Inna, ke ke biyan kuɗin makarantar ƙanne biyu, to kuɗin waɗannan watanni sai a ware shi a damƙa wa amintacce kafin a tashi. Mutane za su yi magana, wannan babu makawa, musamman a kan budurwa ko bazawara. Abin da ke kashe maganar shi ne a ga iyayenki sun sani, sun sa albarka, suna ba da labarin inda kike da bakinsu.

Ta ina za a fara? Ta inda fasfo ke aiki. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice a watan Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane suna wucewa har sai an sanar da wani abu, don haka a bincika halin da ake ciki a makon tafiya. Ruwanda ma ba ta neman biza daga 'yan Afirka. Hanyar bakin teku daga Legas zuwa Abijan, kilomita dubu da 'yan kai, tana ratsa ƙasa biyar, ta iyakar Seme, da Hilakonji, da Aflawo, da Elubo, kuma ita ce mafi sauƙi ga mai farawa, ga manyan motocin kamfani da ke tsallakawa da fasinja. Hanyoyin cikin Mali da Burkina da yankin Tillaberi da bakin Tafkin Cadi a bar su a yanzu, haka Sudan da ke cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Iyaka kuma tana iya rufewa kina can. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Amfanin kuɗin gaggawa ke nan.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa. Mai bin ƙasa ta nemi mai shafi 64, don kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga, mai shafi 32 ba ya daɗewa. Katin allurar shawara dole ne. Allurar sau ɗaya ce a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, kuma wanda aka saya a bakin tasha ba tare da allura ba ya bar ki da cutar da kuma hatsarin kamu. A ƙara da ta sanƙarau idan za a yi rani a Sahel.

A bakin iyaka za a tsare mace ita kaɗai da tambayoyi fiye da namiji. Wani ɓangare saboda safarar 'yan mata ne, wadda gaskiya ce, wani ɓangaren neman na goro ne. Ki riƙe ƙaramin fayil a jakar hannu: kwafin fasfo, shaidar masaukin daren farko, katin wurin aiki da takardar hutu idan kina da su, lambar wanda zai tare ki. Ki amsa a taƙaice, ba faɗa. Ki tsallaka da safe. Kada ki ba ɗan kamasho fasfonki ya shiga da shi inda ba kya ganinsa, kuma kafin ki bar wurin ki buɗe ki ga hatimin shiga da kwanan wata da idonki, don wadda ba ta da shi za ta biya a wajen fita. 'Yan canjin bakin boda a canza musu abin mota da abincin yini kawai, a ƙirga a gabansu. Idan kin shiga kasuwa a Maraɗi ko Damagaram aka ce miki "dala ashirin", sefa 100 ake nufi, "ɗari" kuma 500, jika 1,000. Baƙi da yawa sun yi ciniki suna murna, sai wajen biya suka gane ninki biyar ne.

Ƙa'idar hanya ba ta da yawa, amma ba a karya ta: a isa gari da rana, a san inda za a kwana kafin a tashi, kada a faɗa wa abokin zama a mota cewa ba wanda ya san ki a garin. A ƙananan motocin da ake cusa mutum biyu a gaba, ki biya kujera biyu ki zauna ke kaɗai. A ɗaki ki gwada sakata da taga kafin ki biya, ki ɗauki ɗan katako ko roba mai tsini da ake cusawa a ƙarƙashin ƙofa daga ciki. Hoton wuri a sa shi a Instagram bayan an bar wurin. Mu kuma muna da gatan da baƙi da yawa ba su da shi, wato zango. A Nima da Sabon Zango na Akra, a zangon Kumasi, a unguwar Birikitari ta Yawunde, za ki ji Hausa, ki sami masallaci da tuwo da wadda za ta ce ki sauka wurinta. A shiga ta hannun wani da aka sani daga gida, a gaida manya, a riƙe 'yar tsaraba, a sa hannu a cefane idan zaman ya wuce kwana uku. Ki kuma san cewa duk inda kika je da wanda kika tsaya da shi, labari zai riga ki isa gida.

Lafiya a taƙaice: maganin da kike sha kullum ki ɗauki na dukan tafiyar a kwalinsa da takardar likita, gidan sauro mai naɗewa, gishirin zawo, audugar mata ta wata biyu don ba ko'ina ake samun irin wadda kika saba ba. Zazzaɓi ya kwana ɗaya, a je a yi gwaji. Inshorar tafiya a karanta ta da kyau, da yawa suna da iyakar kwanakin kowace tafiya, kuma ba sa biya a yankin da aka ayyana da hatsari. Hatsarin mota shi ne babban abin tsoro a hanyoyinmu, ya fi ɓarawo. Pelumi Nubi, wadda ta tuƙo mota ita kaɗai daga Landan zuwa Legas a 2024, a Kodibuwa ta yi karo har aka kwantar da ita, bayan ta ratso Sahara lafiya. Sallah kuwa, a mazhabar Malikiyya ana ƙasaru a tafiyar da ta kai wajen kilomita 80, kuma da zarar kin yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari sai ki cika.

Masu cewa za su riƙa samun kuɗi a hanya su yi hattara. Aikin da ake yi ta kwamfuta, fassara ko rubutu ko zane ko koyarwa, sai wanda ya riga ya fara biyanki wata shida kafin tashi ne abin dogaro. Shafin bidiyon da za a buɗe a hanya ba ya ciyarwa a shekarar farko. Saro ya fi kusa da hannun matanmu, atamfa daga kasuwannin Kwatano ko babbar kasuwar Lome, turare da kayan ɗinki daga Dakar, a aiko gida a sayar. Sai dai jari ne daban, da kuɗin kwastan da na dako, kuma sai akwai wadda za ta karɓa ta sayar ta turo kuɗin ba tare da "an ɗauka bashi" ba.

Kafin kowace takarda, ki yi gwaji da hutunki na shekara. Mako biyu ko uku, ƙasa ɗaya, a mota, da irin masaukin da kuɗinki zai iya ɗauka a doguwar tafiyar, kina rubuta duk sisin da ya fita. Daga nan za ki sami alƙaluman gaskiya da za su maye gurbin misalina na sefa 20,000. Za ki kuma san abin da lissafi ba ya nunawa: ko kina iya cin abinci ke kaɗai kwana goma a jere, ko kina iya barci a ɗakin da ba ki sani ba, ko kewar gida tana sakinki bayan kwana huɗu ko ƙaruwa take. Wasu suna dawowa sun ƙoshi, sun gane mako uku a shekara ya ishe su. Wasu suna dawowa da tabbaci, kuma 'yan gida sun ga an je an dawo lafiya, tambaya ta biyu ta fi sauƙi.

Murabus yana da wurinsa. Wadda aka hana ta hutu, kuɗinta kashi ukun nan sun cika, ba bashi, gida an daidaita, kuma sana'arta irin wadda ake nema ce ko'ina, jinya, haɗa magunguna, lissafin kuɗi, aikin kwamfuta, ɗinki, tana iya ajiyewa da kwanciyar hankali. Mai kujerar gwamnati ta dindindin ta yi tunani sau uku, don irin wannan kujera ba a cika komawa kanta ba. Idan an yanke, a fita ta ƙofa: takarda gajera mai kwanan wata da ranar aiki ta ƙarshe, ba ƙorafi a ciki, a sa a buga wa kwafinki hatimin karɓa. A miƙa aiki a rubuce, a mayar da kayan ofis a karɓi shaidar sallama. A karɓi takardar shaidar aiki da ta yabo tun kina ciki, lokacin da ogan ke tuna aikinki, tare da takardun albashi na wata shida da shaidar biyan haraji. Mai lasisi ta sabunta shi kafin ta tashi, likitoci ma duk shekara suke yi, kuma wanda ya mutu kina waje sai da tara da zirga-zirga kafin ya tashi. Ranar dawowa kuma a sa ta wata guda kafin kuɗin guzuri ya ƙare, a fara tura takardun neman aiki tun daga gari na ƙarshe.